Gona Ɗaya Da Na Bar Wa Bong-gil

A shagon wasan kwamfuta na unguwarmu a birnin Daegu na Koriya ta Kudu, doka ɗaya ce ba a takawa. Wanda aka ci zai rubuta "wasa ya yi kyau", sannan ya jira wanda ya ci shi ya amsa masa. Sai an amsa ake tashi daga kujera.

A lokacin ni ke dafa wa 'yan wasa taliya a shagon. Wasan da ake yayi na yaƙin dodanni da mutane ne: ka haƙo zinariya, ka sari itace, ka kafa gonaki, ka tara mayaƙa. Wasa ba ya ƙarewa da kansa sai an rushe wa mutum gininsa na ƙarshe. Ƙanena Man-ho ya iya wasan har ya fara yi wa manya barazana, abin ya tsone wa Bong-gil ido, wani dogo mai bakin tsiya da ya girme mu duka.

Ranar da Bong-gil ya ci shi, Man-ho ya rubuta kalmomin cikin ladabi. Bong-gil ya ƙi amsawa. Ya bar masa gona ɗaya tal, ya sa dodanninsa suna zagaya ta, ya ɗaga murya ya ce, "Gyeong-ae, kawo taliya! Ƙaninki manomi ne, bari ya yi shuka."

Shago ya ɗauki dariya. Man-ho ya zauna hawaye na zuba, don ba ya iya tashi babba bai sallame shi ba. Ni kuma da hannuna na kai taliyar. Sunan Manomi ya bi shi har gidan aurensa, bai ƙara taɓa wasan ba. Ni ce na ɗauka. Na koya da baƙin ciki, ban kuma daina ba har furfura ta fito min.

Bong-gil kuwa ya zama babban mai horarwa. Sababbin wasannin da yara ke cin kofi da su duk jikokin wancan tsohon ne, shi ya sa ake girmama shi kamar kakan kowa. Dokar shagonmu ma ya mayar da ita ta makarantarsa, yana faɗa wa ɗalibai ita ce tarbiyya.

Da za a rufe shagon, aka shirya gasar bankwana da tsohon wasan ranar Lahadi da rana. Bong-gil ya zo da ɗalibansa. Na ja Man-ho da ƙyar ya biyo ni. Ƙuri'a ta haɗa ni da Bong-gil.

"Ke ce mai taliyar nan?" in ji Bong-gil. "Ki yi a hankali, linzamin kwamfuta ba ludayi ba ne."

"Zauna dai, Malam," na ce.

Har yanzu salon wasansa na dā yake yi, ya tara manyan dodanni ya taho ta gaba. Na bi ta bayan daji na kashe masu haƙar zinariyarsa, na ƙone sansaninsa gini bayan gini. Na bar gona ɗaya. Na jera mayaƙana suka kewaye ta, na ɗauke hannuna.

Ya daɗe yana kallon allon, kunnuwansa sun yi ja. Sannan ya rubuta, "Wasa ya yi kyau."

Na ɗaga hannu na ce a kawo min taliya, da ƙwai da kimchi, kabejin nan namu mai tsami da yaji. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Bong-gil ya yunƙura zai tashi, ya waiga ya ga ɗalibansa sun zuba masa ido, ya koma ya zauna.

Man-ho ya sunkuyo kusa da kunnena. "Yaya, ya isa haka. Ki amsa masa."

Na tura wa Man-ho kwanon, na miƙa masa tsinken cin abinci.

"Amsar ba tawa ba ce, taka ce," na ce. "Zauna ka ci. Kuma ka bari taliyar ta huce tukuna."