Kalmar Kan Kabarin Nemesio

Shekara talatin da ɗaya Crispulo, wanda ake kira Manong don girmamawa, ya yi yana koyar da Turanci a garin Janiuay, amma ranar nan kalma ɗaya tak ta hana shi sakat. Amininsa Nemesio mai busa begila ya rasu, saura kwana uku addu'ar arba'in, kuma abin kunya ne ranar ta zo kabari ba dutse. Rubutun dutse kuwa da Turanci ake yi, ko da mamacin bai taɓa haɗa jimla ɗaya ba. Shi ya sa Minda, 'yar marigayin, ta zo da mai sassaƙa suka zauna a barandar Crispulo.

"Manong, ba fa jarrabawa ba ce," in ji mai sassaƙar. "Suna, shekaru, sai kalmar yabo. Mutumin nan kowa na son sa, a rubuta haka mu tashi."

Crispulo ya jawo tsohon ƙamusunsa, ya gyara tabarau.

"Akwai popular," ya ce. "Daga Latin ta fito, daga kalmar jama'a. Da can tana nufin abin da yake na jama'a, kamar kasuwa. Daga baya ta koma wanda jama'a ke so. Akwai kuma beloved, ita tushenta ƙauna."

"To wacce za mu ɗauka?" in ji mai sassaƙar.

Nan fa kansa ya ɗaure. Duk tsawon aikinsa kusan abu ɗaya yake koya wa yara su ne, yana ba su maki hankali kwance. Yau ya rasa ta wa ake nufi, ƙaunar wa, kuma wa aka tambaya. Nemesio ya yi busa a auren rabin garin, ya raka gawar sauran rabin, ba a taɓa kiran sa ya ce a'a ba. Amma ranar da Minda ta gama makaranta, da aka kira iyaye su hau dandamali su rataya wa 'ya'yansu lambar yabo, Crispulo ne ya hau. Uban yana can wani ƙauye yana busa.

"Ta farkon," in ji Minda. "Ta jama'ar."

"Haba Minda!" in ji mai sassaƙar. "A kabarin uba ta biyun ake sawa. Je ki duba maƙabarta, kowa haka ya yi. Mutane za su yi surutu."

"Su yi mana, ai nasu ne." Ta miƙa wa Crispulo biro. "Manong, wata rana a gefensa za mu kwantar da mahaifiyata. Shekara arba'in tana jiran sa da abinci yana hucewa. Ba zan aza mata ƙarya a kai ba."

Mai sassaƙar ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Crispulo ya ji tausayin yarinyar, ya ji tausayin amininsa, ya rasa wanda zai tare wa. Ya karɓi biron ya rubuta kalmar da Minda ta zaɓa da manyan baƙaƙe, kuma har suka fita da takardar bai san ko yabon Nemesio ya rubuta ba ko ƙararsa.