Shugabar Matan Yaji

Taɓarya na sama Asma ta faɗo ɗakin ba ko sallama, ta miƙa wa uwarta waya.

"Ummi, duba. Ke ce."

Hure ta sauke taɓaryar, ta goge hannu a zani. Ba ta iya karatu ba, amma hoton ya ishe ta. Hannuwanta ne a bakin turmi. An yanke fuskar, sai dai a bayanta ga koriyar ƙofar gidansu, ga rabin allon shagon da ke kusurwa. Duk wanda ya taɓa bin wannan lungu na unguwar Mansur a Makka zai gane wurin.

"Me aka rubuta?"

A Makka aka haifi Asma, Larabci ya fi zama a bakinta. Ta riƙa karantawa tana juyawa da Hausarta mai tuntuɓe. Asalin rubutun da Turanci yake, a mujallar masana. Wani ne ya fassara shi ya watsa, tun safe yake yawo a wayoyin unguwa. Labarin wata Hajiya Z. ne, 'yar Damagaram, wadda ta zo Umra shekara ashirin da shida da suka wuce ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, yau tana jagorantar mata tara masu haɗa yajin tsire.

 Hure ta zauna a kan buhun ƙuli.

*

Dakta Mujahida ta zo ne a azumin bara, daga wata jami'a a Najeriya. Ta ce bincike take yi a kan yadda mutanenmu ke shugabancin kasuwanci da dabarun gida, ba na littafin Turawa ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Hure, ta kira ta Inna, ta sha ruwa da su, ta sa hannu a kwano ɗaya. Inda Hure ta tashi, ba a yi wa wanda ya ci a kwanonka ɓoye-ɓoye. Kuma a shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take yi.

Sai ta faɗa mata komai. Kowace mace na yin kashi ɗaya na aikin a ɗakinta, don kada ƙamshi ya taru a gida guda. Ba a daka sai injinan magina na ruri. Ana fitar da kaya bayan La'asar, a ƙarƙashin abaya. Takwas cikin taran ba su da takarda. Dakta ta yi ta rubutu tana jinjina kai.

Yanzu duk wannan yana shafi na sha huɗu, har da zanen gidajen.

*

Sai a kira na biyar Dakta ta ɗauka. Ana jin hayaniyar taro a bayanta.

"Inna! Kin ganki? Ai ke ake ta magana a nan. Wani farfesa ya ce tsarinki ya kamata a koyar a aji."

"'Yata, ki cire shi."

"Ai na sauya sunanki, Inna. Ƙa'ida duk na bi."

"Kin sauya ƙofata?"



"Abin da aka buga ba ya ciruwa haka nan. Sai an rubuta wa editoci, su zauna. Wata uku, ko shida."

"Jawazat masu kamen marasa takarda ba sa zama wata shida. Rana ɗaya suke zuwa da mota." Muryar Hure ta yi ƙasa. "Ni in an kai ni tarhil aka mayar da ni gida, na san Damagaram. Asma fa? Ko hanyar rijiya ba ta sani ba a can. Wa zai karɓe ta?"

"Insha Allahu ba abin da zai faru. Inna, ana kirana, ni ce mai magana yanzu."

Layin ya mutu. A waje wata mota ta tsaya. Uwa da 'ya suka ƙame, ba mai numfashin kirki, har suka ji direban yana kiran mai son ruwa.

*

Bayan Azahar matan suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta wata hanyar daban. Ɗaso ce ta ƙarshe, ita da suka sauka jirgi ɗaya da Hure, suka yi kwanan titi tare a shekarar farko.

"To, shugaba," in ji Ɗaso, tana ƙoƙarin dariya, "an ce kin shiga jami'a ba ki gaya mana ba."

Ba wadda ta taya ta.

"Bakina ne ya jawo," in ji Hure. "Kalas, shi ke nan, aiki ya tsaya. Kowa ta fitar da kayan daga ɗakinta yau. Ku goge lambata. In an kama ni, ban san ku ba. Ku ma daga yau ba ku san ni ba, ko a hanya, ko a Harami."

"Har gaisuwa, Yaya?" in ji ƙaramarsu.

"Ita ce farko."

Suka fita kamar yadda suka shigo, da tazara tsakaninsu.

*

Kwana tara ba wanda ya zo. Asma ta daina leƙa waje. Hure kuwa ta koyi bambanta ƙarar kowace mota a lungun.

Ran na goma burodi ya ƙare, dole ta fita. A bakin babban titi ta hango Ɗaso tafe da leda, tana ɗingisa ƙafar nan tata mai ciwo. Suka matso har abayoyinsu suka kusa gogar juna. Ɗaso ta kafa ido a kan kwalta ta wuce, daidai yadda aka umarce ta.

Hure ta yi taku uku kafin ta lura bakinta a buɗe yake, da rabin sallama a ciki.