Ƙanzon Rahama

Tun daga bakin hanyar Nasarawan Doya ƙamshin ruwan rake da ake dafawa ya tari Likita Naja'atu. Ta daɗe tana jinyar yara masu kumburin hanji, ciwon nan da ke lafawa ya sake tashi, tana kuma bincike a kan yadda ake ɗaukarsa a matsayin atuni a karkara. Rahama na cikin yaran da take jinya. Ta ɗora ta a kan wata madara ta asibiti, ba tuwo ba kunu har tsawon makonni, don gyambon hanjin ya warke. Sai ga uwar yarinyar a waya, wai jini ya dawo a bayan gidan Rahama.

Naja'atu ta sami yarinyar a wurin da kakanta Malam Ya'u ke yin mazarƙwaila. Doki na zagaya injin matse rake kamar mai tafiya cikin barci. Rahama na zaune cikin tururi, awarwaronta ya zame har gwiwar hannu saboda rama.

Bayan doguwar gaisuwa tsohon ya ce, "Likita, kin zo raba ni da amaryata?"

"Na zo in ji abin da take ci ne, Baba."

"Madararki kawai."

"Da ƙanzon kasko," in ji Rahama. "Ya ce ba abinci ba ne."

"Kin tona ni? To na sake ki!"

"Dama wa ke son mai furfura?"

Dariyarsa ba ta yi nisa ba. Ya ce tun da yarinyar ta yi haƙori bai taɓa sauke kasko ba sai ta fara ɗanɗanawa, kuma bai ɗauki zaƙi a bakin abinci ba.

Naja'atu ta zuba wa tururin ido. A cikinsa ta riƙa ganin hanjin Rahama yadda na'ura ta nuna mata, ja-ja kamar cikin gwaba, da ƙananan gyambuna. Sannan ta ga wata Rahama doguwa, mai kumatu, tana ratsa gonar rake a guje.

"Baba, in ka sare rake yana tofowa, kana barin akuya ta ɗan taɓa?"

"Ko ganye ɗaya."

"To cikinta tofowa yake yi."

Tsohon ya koma kan kaskonsa. Da kaskon ya nuna, ya kankare ƙanzon a ƙaramar tasa, ya rufe, ya miƙa wa Naja'atu.

"Tafi da shi. In yana gidan nan, ba zan iya hana ta ba."

Tasar ta zauna a ofishinta, tana ba ɗakin ƙamshin gona. Ranar da gwaji ya nuna kumburin ya kwanta, Malam Ya'u ya zo da jikarsa. Naja'atu ta gutsura mata ɗan kaɗan. Rahama ta ɗaga hannu za ta kai baki, awarwaron ya tsaya a wuyan hannunta, bai zame ba.