Jigon Jirgin Baba

Jigon jirgin, dogon ƙarfen da ake ɗaura wa filafilai, yana kan kafaɗata, gumi yana shiga min ido, yayana Kalman kuwa yana jingine da motarsa yana cin burodi da tattasai kamar wanda ya zo kallon dambe.

"Vilmos, in bayanka ya ƙage kada ka kira ni. Ni ɗan kallo ne."

"Wa ya gayyace ka?"

"Rabin jirgin nawa ne. Ana gayyatar mutum wurin kayansa?"

Gaskiyarsa. Baba ya rasu ya bar mana ƙaramin jirgin ruwa mai filafilan zane da iska ke turawa, wanda ke kwana kan tirela a tsakar gidan Mama. Kalman ya samo wani ɗan Ostiriya da zai saya. Ni kuwa ranar Ista, da barasar palinka ta ratsa ni, na bugi tebur na ce zan harhaɗa jirgin in saka shi a tafkin Balaton ni kaɗai kafin ƙararrawar coci ta tsakar rana. Kalman ya ce in na iya ya bar min rabonsa, in na kasa ɗan Ostiriya ya ja abinsa. Mama ta shaida. Baki shi ke yanka wuya. Ga ɗan Ostiriyan can gefe da gajeren wando da farin ƙwauri, yana shafa jikin jirgin tun kafin ya zama nasa.

Na tsaya a filin ajiye motoci, kamar yadda masu kunya ke yi. Baba bai taɓa yin haka ba. Shi sai ya kai tirela bakin ruwa, ya tare gangaren simintin da kowa ke bi, sannan ya fara ta da jigo a tsanake, mutane suna hon suna zagin kakanninmu. Na daɗe da yi wa kaina alkawarin ba zan gaji wannan hali ba.

Na kafa gindin jigon a mazauninsa, na zura ƙusa. Na taka gaba ina tura shi sama, hannu bayan hannu, gwiwoyina suna ƙara kamar ƙofar rumbu. Da ya miƙe, na cafko wayar gaba na ɗaure ta a hancin jirgin. Na rataya katakon tuƙi, na ɗaura filafilai, na toshe ramin fitar ruwa, na kwance igiyoyin da suka riƙe jirgin a tirela. Ban manta komai ba. Har ni kaina na yi mamaki, don ni ne mutumin da ya taɓa manta matarsa a gidan mai.

Kalman ya daina tauna.

Wani mai jirgin inji da ke bayana a layi ya leƙo ta tagar motarsa. "Kai mai shanya zanin gado! Yau za ka shiga ko sai kaka?"

Na ɗaga masa hannu irin na manya, na shiga mota, na sa giyar baya. Idona a kan madubi, tayoyin tirela suna bin layi tamkar da alli aka zana. Ruwa na ƙyalli a bayana. Har na fara shirya abin da zan faɗa wa Kalman.

Sai ƙara. Motar ta girgiza, ganye ya zubo a gilashi. Na fito.

Tsakanin filin da gangaren akwai wata tsohuwar bishiya da ta miƙo reshe bisa hanya. Shekara da shekaru ina wucewa ƙarƙashinta, kullum jigo a kwance. Yanzu jigon ya lanƙwashe a tsakiya, kansa ya faɗo kan jirgin, wayoyi suna reto. A nan tsaye na gane Baba ba rashin kunya ke damunsa ba.

Na juya wurin Kalman. "Ka ga reshen?"

"Tun daga can."

"Ka yi shiru?"

"Kai kaɗai ka ce."

"Kai mugu ne, Yaya."

"Kai kuma makaho. Baba ya haifi biyu, bai yi sa'a ba."

Ƙararrawar coci ta fara kaɗawa. Kalman ya share ɓarɓashin burodi daga rigarsa, ya juya da murmushi zai miƙa wa ɗan Ostiriya hannu. Mutumin ya dubi jigon, ya dubi jikin jirgin inda ƙarfe ya tsaga shi, ya ce wani abu cikin ladabi da harshensu, ya shiga motarsa.

"Tsaya mana! Ana gyarawa! Ƙaramin abu ne!"

Kalman ya bi shi da gudu har bakin titi, ya dawo yana haki. A bayanmu layin ya kai kwanar titi, kowa hannunsa a kan hon, mai jirgin inji ya riga ya kai ga zagin kakarmu ta wajen uwa.

"Kama can," na ce.

"Kada ka ba ni umarni."

Ya tsaya har hon ya ishe shi. Sannan ya kama. Muka sauke jigon muka nufi gefen hanya da shi, shi a gaba ni a baya, yana ja hagu ina ja dama.

"Kai za ka faɗa wa Mama," in ji shi, bai waiwayo ba.