Ƙafar Dogo

Ranar Litinin matar Dogo za ta koma aiki a shagon ɗinki, kuma ba a shiga wurin da goyo. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inna, ta yanke magana: a kawo mata jikarta Kumatu ta zauna can, ranar Asabar a zo a ɗauka. Gidan Inna yana wancan gefen gari, kusa da shagon kafintocin da Dogo ke aiki. Shagon ɗinki kuwa yana wannan gefen.

Dogo ba mai yawan magana ba ne. Ya daɗe yana kallon Kumatu tana cizon igiyar takalminsa, yana ƙiyasta yadda ɗakin zai zama babu ita har mako ya ƙare. Ta kusa shekara, haƙoranta biyu, ba ta yarda ta yi barci sai ta ja masa gemu.

“Ni zan riƙa kai ta,” ya ce. “Da safe in kai, da yamma in dawo da ita.”

“Da me?” in ji matar.

“Da keke.”

“Baban Kumatu, wannan keken naka da kake tashi sama da shi?”

Washegari ya dawo da kujerar yara ɗaure a bayan sirdi, mai bel ta kafaɗa da ta ƙugu, da wurin sa ƙafa mai maɗauri don kada yatsu su shiga wayoyin taya. Ya zaro ’yar hular kwano daga leda, ba ta kai girman kwanon shan ruwa ba. Ya ɗaure kowane noti sau biyu, ya gwada birki, ya ƙara wa tayoyi iska.

Matar ta zagaya keken tana taɓe baki. “Ba da ’yata za a fara gwaji ba. Tsaya.”

Ta shiga kicin ta fito rungume da kankana. Ta zaunar da ita a kujerar, ta ja mata bel, ta kifa mata hular, ta ce, “Ga ɗiyarka. Kai ta bakin layi ka dawo.”

Dogo ya kama kan keke. Ya ɗora ƙafar hagu a feda, ya tura, ya wulla ta dama ta baya kamar yadda yake yi tun yana yaro. Ƙas! Dunduniyarsa ta sami hular. Hula ta yi gefe, kankana ta sulluɓe daga bel ta faɗo ta tsage.

Matar ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Can dariyar ta tsaya. Ta dubi jan da ya bazu a siminti, ta gyara Kumatu a kafaɗarta.

“Da a ce kan Kumatu ne fa,” ta ce a hankali.

Ya sani.

Daga ranar ya shiga koya wa ƙafarsa sabon hali. Sai ya karkata keken, ya ɗaga gwiwa, ya tsallaka sandar tsakiya ta gaba. Dogo ne da gaske, sandar kuma tana sama. Wandonsa ya yage a gwaji na farko. In ya sa hankali, sai ya yi daidai. Har ya fara jin ya iya, sai maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga ya ce, “Dogo, an wuni lafiya?” Kafin ya gama cewa lafiya lau, ƙafa ta bi tsohuwar hanyarta, ta doki kujerar da babu kowa.

Matar tana bakin ƙofa tana tsefe kai. “A titi ma za a gaishe ka,” ta ce. Ba faɗa ta yi ba. Ta shiga ta fara ninke kayan Kumatu cikin jaka, na mako guda.

Ya zauna a ƙasa kusa da keken. Yana son keken nan. Baƙi ne, mai tsayi, shi ya yi masa fenti da hannunsa. Amma muddin sandar nan na gabansa, ƙafar za ta nemi baya.

Ranar Lahadi da yamma ya tura shi gidan ƙanwarsa, wadda ke da keken mata, marar sanda, ruwan hoda, da kwando a gaba.

“Yaya, lafiya? Kai da ko taɓa ƙararrawarsa ba ka bari in yi?”

“Riƙe. Ba ni naki.”

“Har da furen kwandon?”

“Cire furen.”

“Ba ya cirewa.”

Ya ɗaga sirdi har ƙarshe, ya mayar da kujerar kai. A tsakar gida ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, matar tana jefo masa gaisuwa ba zato don ta ruɗa shi: “Ina gajiya? Ya mutanen gida? Ya kasuwa?” Ƙafar ta ga hanya a buɗe ta gaba, ta bi. Ko sau ɗaya ba ta juya ba. Matar ta koma ɗaki, ya ji tana zazzage jakar.

Da safe ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa, ya danne birki. Matar ta zaunar da Kumatu, ta ja bel har yatsa ɗaya kaɗai ke shiga, ta ɗaure ƙafafun, ta gyara igiyar hula ƙarƙashin haɓa.

“Ban da babban titi.”

“To.”

“Kada ka jingine keken a bango tana kai ka ce za ka sayi wani abu.”

“To.”

Suka bi ta lunguna, a hankali. Nauyin baya ya sa keken yana ɗan rawa a kwana, sai ya riƙa buɗe kwanar. Sai ya ji tafin hannu ɗan mitsitsi ya sauka a bayansa, ɗas, ɗas. Kumatu ta ga kare ta yi ihu. Ta ga motar shara ta yi ihu. Ya buga ƙararrawa, ta ƙyalƙyale, ya sake bugawa. Bai san yana murmushi ba sai da iska ta busar masa da haƙora.

Hanyar ta bi ta gaban shagonsu. Kafintoci suna fito da katako, mai fenti ne ya fara hango shi.

“Jama’a, ku zo ku ga Anti Dogo! Anti, kasuwa za a je? A taho mana da tumatir!”

Shagon ya kaure da shewa. Daidai nan takalmin Kumatu ya faɗi. Dogo ya ja birki. Ana ta kiran sunansa ta ko’ina, ya ji ƙafar dama ta motsa. Ya zaro ta ta gaba, ya dire, hannuwansa biyu a kan keke.

“Ɗauko min,” ya ce wa mai fenti. “Ba zan saki ba.”

Mai fenti ya ɗauko, ya durƙusa, ya sa mata da kansa. “Ranki ya daɗe, ke ce kika mayar mana da shi haka?” Ta cafke masa hanci.

Inna tana bakin ƙofa lokacin da suka iso. Ta dubi keken, ta dubi furen, ta dubi surukinta, ta danne dariya da gefen mayafi.

“Ina jakar kayan kwanan?”

“Ba kwana, Inna. Da yamma zan zo.”

Ta kwance bel ta miƙa hannu. Kumatu ta ƙanƙame rigar ubanta, ta buɗe baki ta tsala kuka, tana dukan kujerar da ƙafa.

“Ah to,” in ji Inna, tana mayar da bel ɗin. “Direba, fasinja ta ce ba a iso ba. Zagaya da ita layin nan ka dawo.”

Ya riga ya makara aiki. Ya buga ƙararrawa, ya taka feda.