Madarar Bayan Ayari

Tun ranar da aka ba mu umarnin zaman shiri, hedikwatarmu ta koma kamar gidan da ake jiran haihuwa: kowa na kai-komo, babu wanda ya san sa'ar. Girgizar ƙasa ta rushe garuruwa a wani tsibiri can kudu, aka ce rundunar haɗin gwiwa da ke horo a yammacin Ulaanbaatar, babban birnin ƙasarmu, ita za ta fara isa: mu 'yan gida, da Koriyawa, da Japanawa, da 'yan Nepal. Aka rufe ƙofar bariki, aka karɓe wayoyi. Ana ta auna akwatunan rediyo da janareta, motoci kuwa aka wanke su tas har ƙarƙashi, domin ƙasar da za mu ba ta yarda ko ƙwayar ciyawa ta shigo mata a jikin taya ba.

Ni, Laftanar Sodnom, aikina shi ne tsara jerin motoci daga bariki zuwa filin jirgi. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa ba ya cikin tsarin. Inna ba ta taɓa barin ɗanta ya yi tafiya ba tare da ta yayyafa madara a ƙafar abin hawansa ba, sai ranar da yayana ya tafi mahaƙar kwal da gaggawa, motarsu kuma ta yi hatsari a hanya, ba ta isa ba. Na yi shekaru a jami'a ina koya wa kaina cewa madara ba ta riƙe birki. Sai dai na san idan na tafi haka, ni zan yi barci a jirgi, ita ba za ta runtsa ba har in dawo.

Da na fita duba hanya tare da direbana, Saje Luvsan, sai na hango farin tantin gidanmu a mararrabar da muke hawa kwalta, ga saniya ɗaure a gefe. Ashe Inna ta ji labarin a rediyo, ta taso daga makiyaya ta tare a nan.

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ta riga hedikwata shiri," in ji Luvsan. "Ita ya kamata a ba sandar Janar."

Ban yi dariya ba. Ɗigon madara a jikin taya na nufin sake wankin mota, jirgi kuma ba ya jira.

Na sami Manjo Pyo, Bakoriyen da ke shugabantar sashen jigila, yana cin shinkafa a tsaye. Na yi masa bayani ina jin nauyin kowace kalma. Ya ce shi ma tasa tsohuwar ta cusa masa tulun kabeji mai yaji a jaka, ya baro shi a ƙofa. Ba zai faɗa wa kowa lokacin tashi ba, ba kuma zai tsayar da ayari ba.

"Amma dokata a kan motoci take, Laftanar. Hanya ta ƙasarku ce."

Ya amince ɗan sandan da zai tsare mararrabar ya kai mata saƙona: ta bar taya, ta zuba wa hanya. Abin da ban sani ba shi ne ko za ta karɓi rabin al'ada a madadin cikakkiya.

Umarni ya zo da hantsi. Da muka kusa mararrabar na gan ta a bakin kwalta cikin shuɗiyar rigarta, da bokiti da ludayin itace. Luvsan ya rage gudu saboda kwana. Ta tako gaba, ta ɗaga ludayin, idonta a kan tayarmu. Sai ta dube ni, ta dafe ludayin a ƙirji, ta bar mu muka wuce.

A madubi na ci gaba da kallonta. Ta tsaya har motar ƙarshe ta hau kwalta, sannan ta shiga tsakiyar hanya ta watsa madarar sama, ta sake ɗebowa ta watsa, a bayan ayarin gaba ɗaya.

Rediyo ya yi ƙara. Muryar Manjo Pyo ce, a hankali.

"Laftanar, wannan har da mu?"

Na ce masa bokitin cike yake, kuma ba ta daina ba tukuna.