Ruwan da Baba Othman Ya Jira

Gwadabe na tsaye a kan bokitin da ya kife a banɗaki lokacin da Hind ta leƙo ta tambaye shi ko ruwan ya huce. Ya taɓa jikin sakhana, tukunyar ɗumama ruwan da ke rataye a bango, ya janye hannu da sauri. Bai huce ba.

Duk wanda ya yi bazara ɗaya a unguwar Bani Malik ya san yadda ake yi. Rana takan dafa tankin da ke kan rufi, famfon sanyi ya koma zubo ruwan da zai fige kaza. Sai a kashe sakhana, ruwan da ya kwana a cikinta ya zama shi ne mai sanyi. Wani baƙo da ya zo umara daga ƙasar Hausa ya sauka wurin su Hind bai san haka ba. Ya ga makunni a kashe, ya kunna don ya taimaka, ya kama hanyar Makka abinsa. Tamostat kuwa, ɗan abin da ke yanke wuta in ruwa ya yi zafi, ya daɗe da mutuwa. Ruwa ya yi ta tafasa har bututu na kuka, famfo biyun duk suka zama wuta.

Ranar kuma Baba Othman, mahaifin Hind, wanda ya daɗe a kwance, ya farka ya ce wanka yake so. Ta kawo ƙanƙara da tsumma za ta goge masa jiki, ya ce shi ba jariri ba ne. A kujera zai zauna ƙarƙashin shawa, ruwa mai sanyi ya zubo masa a ka. Tun yana ɗinki a unguwar Ammariyya ba a juya shi, balle yanzu. Shi ya sa ta buga ƙofar maƙwabcinsu Gwadabe, mai gyaran famfo.

Ya yanke wuta, ya tsiyaye tukunyar, ya sauka shago ya sayo sabon tamostat ya ɗaura. Amma da ya sake cika ta, daga rufin ruwan ya zo, da zafinsa. Babu abin yi sai jira. Ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tawul, ya juyo mata fanka.

“Gwadabe, ruwan fa?” in ji tsohon daga ɗaki.

“Saura kaɗan, Baba.”

“Haka ka ce ɗazu.”

“Zuwa la'asar, in sha Allahu.”

“To, ina nan.”

Ba a kai ga kiran la'asar ba Hind ta sake tsayawa a bakin ƙofa, wannan karon ba ta tambayi ruwa ba.

“Ammi Gwadabe, halas, shi ke nan. Abuya ya tafi.” Ammi take ce masa da Larabci, wato baffa, mahaifinta kuma Abuya.

Ya yi innalillahi kamar yadda ake yi. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji komai ba. Sai ya ga hannunsa yana ƙara ɗaure kusar da ya riga ya ɗaure.

Da Badr, yayan Hind, ya iso daga wurin aiki, Gwadabe ya ja shi gefe. Ya ce ruwan ya yi ɗumi daidai wankan gawa, a bari su wanke tsohon a nan, ko ba komai ya samu wankan da ya nema. Badr ya dafa kafaɗarsa.

“La, ya ammi, a nan ba a yi a gida. Magsala za a kai shi, wurin wankan gawa na masallaci, mota na hanya.”

Aka kai shi can, wasu da bai taɓa sani ba suka wanke shi. Bayan magariba aka binne shi.

Gwadabe ya koma gidan ɗaukar kayan aikinsa. Mata sun cika falo, suna magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci. Ya shiga banɗakin ya tura ƙofa. Kujerar roba na ƙarƙashin shawa, bai san lokacin da Hind ta kawo ta ba. Ya murɗa famfo, ya tara hannu. Ruwan ya yi sanyi kamar na randa. Ya tsaya yana kallo yana zuba a kan kujerar.